Sirdin Tsugunau

A unguwarsu ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Tsugunau ake ce masa, kuma duk wanda ya taɓa ganinsa a kan keke ba ya neman ƙarin bayani. Mutum ne dogo mai dogayen ƙafafu, amma sirdin kekensa a danne yake can ƙasa, ba sauran inda zai sauka. In yana tuƙi gwiwoyinsa kan taso har su kusa dukan hannun keken, sai ka rantse wanki yake yi a kan 'yar kujera. Yaran unguwa sun yi masa dariya har suka gaji, suka girma, ƙannensu suka ɗora daga inda suka tsaya.

Ba rashin sani ya sa shi haka ba. Saboda Yaya aka sauke sirdin, ko da yake ba ita ke zama a kai ba. Yayarsa ce ciki ɗaya, shekara shida ta ba shi. Shan inna ya taɓa ta tun tana ƙarama, ya bar mata ƙafar hagu cikin ƙarfe daga cinya har dunduniya. Da sandarta tana zagaya gida ta yi komai, ba ta son a miƙo mata ko cokali. Amma daga gidansu zuwa masana'antar ɗinkin kayan 'yan makaranta, inda take aiki, kilomita shida ne, lungunsu kuma mota ba ta shigarsa. Sau ɗaya ta gwada babur ɗin haya. Ƙafar ta daki ƙarfen gefen titi, mai babur ya sauke ta a hanya yana masifa kamar ita ta yi masa laifi. Daga ranar ba ta ƙara ba.

Kafin Yaya ta hau bayan keke, dole keken ya tsaya cak kamar benci. A karkace take zama, ƙafafu biyu a gefen hagu, mai ƙarfen a miƙe. In keken ya ɗan kwanta, ita ba ta da ƙafar da za ta tare ƙasa. Saboda haka duk inda suka tsaya, a danja ne ko a cunkoso, sai tafin ƙafafunsa biyu sun dafa ƙasa sosai yana zaune. Dogon sirdi ba ya ba da wannan.

Shekara ashirin da biyu ke nan da aka zaɓi keken. A lokacin an ɗauke shi aikin gyaran bututu a ofishin ruwa, yana saurayi, kansa na hayaƙi. Ya daɗe da sa ido a kan wani siririn keke ja mai lanƙwasasshen hannu da giya goma, wanda ke rataye a rumfar Mai Faci. Da yatsa biyu ake ɗaga shi. Ranar sayen ya je da Yaya, wai ta taya shi gani. Ta tsaya a jikin sandarta ta dubi jan keken sama da ƙasa, ta ce, "Kyakkyawa ne, Auta. A ina ake zama a bayansa?"

Ba wata manufa ta sa ta tambaya ba, shi ya sani. Amma a watan ne aka ba ta aikin ɗinkin, kuma a gidan kowa ya yi shiru a kan yadda za ta riƙa zuwa. Ya mayar da jan keken kan ƙusarsa, ya nuna wani baƙi mai nauyi kamar ƙofar gareji. Mai Faci ya canza masa wayoyin tayar baya da masu kauri, ya yi wa kariyar baya, wato mazaunin kaya, walda, ya ɗaura mata katako da soso, ya fitar da wani ɗan ƙarfe a gefen hagu inda Yaya za ta ɗora dunduniya. Da aka zo kan sirdi sai ya tsaya da sifana a hannu.

"In na sauke shi inda kake so, gwiwarka ce za ta ji a jikinta," in ji shi.

"Na ɗan lokaci ne, kafin a samo mata wata dabara."

Mai Faci ya sauke, ya ɗaure noti.

Dabarar ba ta samu ba, kuma a gaskiya bayan shekarar farko ba wanda ya ƙara nemanta. Iyayensu suka rasu. Ya yi aure, aka haifi 'ya'ya mata uku, Yaya na ɗakinta na bakin ƙofa, ita ke ɗinka musu kayan makaranta. Kowace safiya bakwai da rabi ya fito da keke, ya goge soson, ya dafa ƙafafu. Ta jingina sanda a cinyarta, ta ɗora tafin hannun dama a tsakiyar bayansa. Ya san tsawon ƙafarta fiye da tsawon tasa, yakan bar mata fili a hagu ko da bai waiwaya ba. In ya hango rami sai ya ce, "Rami," ta ƙara riƙo. Wata rana iyakar hirarsu ke nan har bakin get. Ya sauke ta ƙarfe takwas, ya wuce ofis, biyar na yamma ya dawo. Ranar Lahadi shi ke jiran aiki a ofis, don bututu bai san hutu ba. Asabar kaɗai ce tasa, ita ma ba duka ba, domin masana'anta na yin rabin yini, daga takwas zuwa biyu.

A da, a bangon ofishinsu akwai wata tsohuwar kalanda mai hoton madatsar ruwan da ke shayar da garin. Ruwa ne shimfiɗe har ƙarshen takarda, da farar hasumiya a tsakiya, da kwale-kwale biyu a gefe. Da aka zo jefar da ita ya naɗe ta ya kai gida, Yaya ta ce a manna mata a ɗaki ta rufe wani tsagu a bango. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa tsundum cikin ruwan nan, yana ɗaure shi yana kwance shi, yana shan zagi a kansa in ya ɗauke, bai taɓa ganin inda yake fitowa ba. Kilomita hamsin da biyar ne daga get ɗin masana'anta. Ya sa a ransa sai ya je, kuma a kan keke.

"Ga motoci nan kullum suna zuwa," in ji matarsa. "Ka biya ka zauna kamar kowa mana."

"In mota ta kai ni, ai ita ta je, ba ni ba."

"To Allah ya ba ka haƙuri da kanka."

Taurin kai ne, ba shakka, kuma gidansu ba a rasa shi ba. Amma wanda duk tafiyarsa ta duniya kilomita shida ce zuwa, shida dawowa, a bar shi ya zaɓi yadda zai yi guda ɗaya.

Lissafin ba wuya. Awa shida gare shi, uku tafiya, uku dawowa. Duk inda ƙarfe sha ɗaya ta same shi, nan zai juya. Asabar ɗin farko da ya gwada, sha ɗaya ta riske shi a dutsen kilomita arba'in da huɗu, wajen wata bishiya da tsawa ta raba biyu. Ya sha ruwan gorarsa, ya ce mako mai zuwa. Ya yi shekaru yana gaisawa da bishiyar nan. Daga baya gwiwar dama ta fara magana, sha ɗaya ta koma samunsa a gadar jirgin ƙasa, kilomita arba'in. Sai gidan man da aka daina amfani da shi, talatin da shida. Bara ko rumfunan masu kankana bai wuce ba, talatin cif. Madatsar na nan inda take, shi ne igiyarsa ke ƙara gajarta, kuma yana gani da idonsa. Wannan ya fi ciwon gwiwar cin ransa.

Da kumburin ya hana shi durƙusawa a ramin bututu, matarsa ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Likita ya ɗaga hoton ƙashin a haske, ya ce guringuntsin ya cinye, ya tambayi irin keken da yake hawa. Da aka kwatanta masa sai ya cire tabarau.

"Kai da 'yar'uwarka zan bar ku, don na ga ko na hana ba ji za ka yi ba. Amma doguwar tafiya ka yi ban kwana da ita. In ka ci gaba, sanda biyu za a riƙa jinginawa a gidanku."

Daga asibitin rumfar Mai Faci ya nufa. Tsohon ya yi furfura, haƙora sun ragu, bakin dai yana nan yadda yake.

"Sau ɗaya nake so in isa," in ji Tsugunau. "Ɗaya tak, in rufe babin."

"Shekara ashirin da biyu ina jiran ka zo da wannan maganar. Kawo dokin naka."

Sandar sirdin ta yi tsatsa ta kama. Sai da aka jiƙa ta da mai, aka bar ta ta sha, aka yi ta murɗawa mutum biyu, sannan ta saki da wata ƙara kamar an buɗe tsohon akwati. Kafin ya ɗaga, Mai Faci ya ɗauki ƙusa ya yi zane a inda take da. Sannan ya sa shi ya hau ya dafa bango.

"Ɗora dunduniya a kan feda. Kai ta ƙasa. Miƙe ƙafar. Ban ce ka karkata ƙugu ba, malam, zauna daidai."

Ya ɗaga, ya sake ɗagawa, har sai da ƙafar ta miƙe sak. Taƙi guda da yatsa biyu aka ƙara. Ya yi zane na biyu, ya ɗan ɗaga hannun keken, ya cika tayoyin da iska har suna ƙara in an ƙwanƙwasa, ya wanke sarƙar ya ɗiga mata mai.

"Na ƙasa na Yayarka ne, na sama naka. Ga sifana lamba sha uku, ka bar ta a aljihu. In ka tsaya, sauka za ka yi daga sirdi, ƙafarka ba za ta kai ƙasa ba. Kada ka je ka faɗi a gaban mata ka ce ni na gyara."

Tsugunau ya zagaya layin sau ɗaya don gwaji. Keken da ya sani kamar buhun siminti sai ga shi yana tafiya da kansa. Ƙirjinsa ya buɗe, numfashi ya sauka har ciki. Ya wuce wata doguwar katanga da yake bi kullum, a karon farko ya ga abin da ke bayanta, ashe lambu ne, har da gwanda. Ya dawo yana murmushi kamar wawa, ya sauke sirdin zuwa zanen ƙasa, ya tafi ɗauko Yaya.

Bai gaya wa kowa ba. Amma hannun Yaya a jikinsa yake, kuma sifana ba ta ɓuya a aljihun riga. Ranar Asabar da safe, da ya sauke ta a bakin get, ba ta shige kai tsaye ba. Ta gyara sandarta ta dube shi.

"Yau sai ƙarfe huɗu zan tashi. Na roƙi a ba ni ƙarin aiki, an ba ni. Ka ji ni da kyau, Auta? Huɗu. Ka je ka ga ruwan nan naka."

"Wa ya ce miki..."

"Wuce, rana na yi."

Awa takwas. Ko da tsohon sirdi, a zamanin da gwiwa ke da lafiya, da sun ishe shi. Ya sha kwana, ya tsaya a bayan katangar masana'anta, ya ɗaga sirdin zuwa zanen sama.

Gari ya ƙare da wuri a ranar. Ya wuce masu kankana tun suna shimfiɗa kaya. Gwiwar na ciwo, amma daga nesa, kamar maƙwabcin da ke faɗa a gidansa. Abin da ya ba shi dariya, duk motar da ya wuce a ajiye sai ya ga ya bar fili mai yawa a hagu. Sau biyu ya ji bakinsa ya ce, "Rami," ba kowa a baya. Tsohon gidan mai ya wuce. Gadar jirgi ta wuce. Da ya iso bishiyar da tsawa ta raba, ya kaɗa mata ƙararrawa bai tsaya ba. Daga nan duk abin da ya gani sabo ne, gonaki, wani ƙauye mai jan rufi, da ƙaton bututun da ya fito daga ƙasa ya bi gefen hanya. Ya san bututun nan, shi ne uban duk waɗanda yake gyarawa. Iska ta canza, ta yi sanyi, tana ƙanshin laka. Fararen tsuntsaye na wucewa ta samansa, duk gaba suka nufa.

A gindin wani dogon hawa ya ga dutsen kilomita hamsin. Saura biyar, kuma an gaya masa daga saman hawan ake hango ruwan. Ya sauka don ya sha ruwa. Nan idonsa ya faɗa kan agogo, sha ɗaya daidai.

Ya sani sarai yau ba ruwansa da sha ɗaya. Ya faɗa wa kansa da baki, "Huɗu ta ce." Ya ciro waya, ba kira ko ɗaya. Ya mayar, ya dubi hawan. Sai tunani ya fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. In aka ɗauke wuta fa? In wuta ta ɗauke a masana'anta sallamar kowa ake yi, maigadi ya kulle get. Bencin da ke waje ba inuwa. In ta kira shi yana bakin ruwa, kusan awa huɗu ce tsakaninsu. Ya tuna wata rana, shekara tara da suka wuce, da tayarsa ta fashe ya makara minti arba'in. Ya same ta ita kaɗai a kan bencin nan ruwan sama na dukanta, ta lulluɓe ƙarfen ƙafar da ɗankwali don kada ya yi tsatsa. Sannu kawai ta yi masa. Da ta zage shi ma da ya fi sauƙi.

Minti ashirin zai kai shi saman hawan, ya leƙa ya juyo. Ya yi wannan lissafin ma, ya ga ya fita. Ya ɗora ƙafa a feda. Hannuwansa ne suka juya kan keken, kamar yadda suka saba yi duk Asabar in agogo ya nuna haka, shi kuma bai hana su ba. Haushin kansa ya cika shi har wuya. Ba wanda ya tare shi a ranar, ba likita, ba Yaya, ba gwiwa. Ya yi ta taka feda yana jin sanyin iskar na raguwa a bayan wuyansa.

Biyu saura minti biyar ya iso. Tun daga nesa ya jiyo kekunan ɗinki na ruri, wuta ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ma'aikatan rabin yini suka fito suka watse. Kunya ta hana shi tsayawa inda maigadi zai gan shi, sai ya koma bayan katanga, ya ciro sifana ya sauke sirdin zuwa zanen ƙasa, ya ɗaure notin tamau. Ya zauna a kan wani bulo a inuwa, ya miƙe ƙafar. Gwiwar ta kumbura har wando ya matse ta. Awa biyu ya yi a wurin yana kallon tururuwa na bin gindin bango. Ya san abin da awa biyun nan za su iya, bai bar kansa ya lissafa ba.

Ƙarfe huɗu ta fito ita da mata uku, zare manne a zanenta, idanunta sun yi ja don gajiya. Ya turo keken kamar yanzu ya iso. Fuskarta ta washe.

"To? Yaya ruwan?"

"Ba a magana, Yaya. Har iyakar ganinki ruwa ne."

"Da gaske?"

"Ga wata farar hasumiya a tsakiya. Ga kwale-kwale biyu a gefe."

Ya dafa ƙafafu a ƙasa. Ta juya ta zauna a kan soson, ta ɗaga ƙafar da hannu ta ɗora dunduniya a ƙarfenta, ta kwantar da sanda a cinya. Sannan ta ɗora tafin hannunta a tsakiyar bayansa. Ya ji hannun ya tsaya, ya ɗan matsa sama, ya dawo.

Sai da suka wuce danjar farko ta yi magana.

"Auta, rigarka a bushe take."

"Iska ce."

"Shekara ashirin da biyu ina dafa bayan nan. Ko shida ka yi sai ya jiƙe." Ta gyara sandar a cinyarta. "Kwale-kwalen nan biyu kuma suna ɗakina, su ke rufe mini tsagun bango."

Ya ci gaba da taka feda. Gwiwoyinsa na tasowa suna sauka a gabansa, ta dama na suka a kowane zagaye.

"Tun ƙarfe sha biyu nake cewa a raina, yanzu yana bakin ruwa," in ji ta, muryar ƙasa-ƙasa. "Har na ɓata ɗinki biyu. Na ɗauka yau ɗayanmu ya je wani wuri."

Ya so ya ce mata mako mai zuwa, amma su biyun sun san abin da likita ya faɗa. Suka shiga titin unguwa, inda kwalta ta farfashe. Ya kauce wa wata mota da ke ajiye, ya bar fili a hagu.

"Rami," ya ce.

Ta ƙara riƙo.